Akawun ɗin Baba Yamusa

Rilwanu bai zo Abuja don kwamfuta ba. Da baro ya fara, yana tura rake a titunan Durumi, yana ɗan saurayi daga wani ƙauye na gefen Malumfashi. Abin da ya sauya masa hanya wani shagon buga takardu ne, inda yake fakewa idan rana ta take. Mai shagon, wani Bayarabe mai gyaran kwamfuta, ya lura cewa mai raken nan yana iya zama shiru yana kallon hannunsa har rakensa ya bushe, ba tare da ya dame shi da tambaya ba. Wata rana ya tura masa wata matacciyar kwamfuta ya ce ya kwance ta, ya mayar da ita yadda take. Ya kwance, ya mayar, ƙusa ɗaya ta yi saura a tafin hannunsa. Maigidan ya yi dariya ya ce ya dawo gobe.

Daga nan ne abin ya kama. Ya koma makarantar yamma ya ƙarasa sakandare, ya koyi gyara, daga baya ya koyi abin da maigidansa ma bai damu da shi ba, wato yi wa kwamfuta magana a baƙin allo, inda babu hoto babu linzami, sai dai ka rubuta umarni ka danna, ita kuma ta aikata ba tare da ta tambaye ka ko ka tabbata ba. Wannan ya dace da halinsa. Mutum ne da ba ya son hayaniya, kuma ya kan karanta layi sau biyu kafin ya danna.

Yanzu yana zaune a Kwali da matarsa Muhibba da 'ya'yansu mata biyu. Aikinsa yana kusa da Sheda, a wata ƙaramar ƙungiya mai tattara tsofaffin irin shuka daga hannun manoma don kada su ɓace: doya, acca, riɗi, dawa. Ma'aikatan ba su kai goma ba. An ba shi wani ɗan ɗaki a bayan ofis, inda babbar kwamfutar da suke kira saba take zaune kusa da batura da wata fanka mai ƙara. Duk hoton da aka ɗauko a gona, da bayanin da aka rubuta a kansa, cikinta suke kwana. Kowane ma'aikaci yana da akawun ɗinsa na shiga, Rilwanu ne kuma mai buɗewa, mai gyarawa, mai rufewa.

A cikin ma'aikatan babu wanda ya fi shiga ɗakin nan kamar Baba Yamusa. Dattijo ne ɗan ƙabilar Gbagyi, manomin doya tun kakanni, shi ke yawon ƙauyuka yana karɓo iri, yana ɗaukar hoto, yana rubuta wa ya ba shi da kuma irin ƙasar da abin ke so. Da yatsa ɗaya yake buga rubutu, kuma kusan kowane wata sai ya manta kalmar sirrinsa.

"Mai rake," in ji shi daga bakin ƙofa, "na'ura naka ya sake kore ni."

"Baba, ba ta kore ka ba. Kai ne dai ka ƙi gaishe ta yadda ta saba."

"Ni zan gaishe shi? Na girme shi! Buɗe mini in shiga."

Sai Rilwanu ya sake masa sabuwar kalma, Baba ya ajiye masa ƙwaryar doya biyu a ƙarƙashin tebur, yana cewa masu cin tuwon dawa su ɗanɗana abinci na gaske.

Da idanun Baba suka fara dushewa har ya daina gane rubutu a allo, ya ajiye aiki. An yi masa ɗan biki a harabar ofis, iyalansa suka zo cikin mota ɗaya a cushe. A wurin ne shugabar ƙungiyar, Dakta Rakiya, ta ce suna shirin miƙa kundin duk abin da suka tattara ga wata jami'a, kuma duk irin da Baba ya kawo, sunansa zai fito a gefensa. Rilwanu ya ga yadda matar Baba ta dafa kafaɗar mijinta da ta ji haka.

Aka ɗauki wani matashi mai suna Kabir a gurbinsa. A ofishin nan akwai wata al'ada da Rilwanu ya tarar: wanda ya gaji kujera, shi ke gadar akawun. Dalilin mai sauƙi ne. Akawun ɗin wanda ya tafi an riga an ba shi izinin shiga duk inda aikin ke buƙata, foldojinsa suna jere, maimakon a fara sabo a yi ta neman abin da ya rage, sai a sauya sunan kawai. Dakta Rakiya ta leƙo ta ce a mayar wa Kabir da na Baba. Rilwanu ya taɓa yin haka ga masu buga takardu biyu da suka tafi, babu abin da ya faru. Ya buɗe baƙin allo ya rubuta usermod -l kabir yamusa, ya karanta sau biyu, ya danna. Ya ƙara wani layi ya sauya sunan foldar. Ko shayinsa bai huce ba ya gama.

Kabir ya yi aiki damina guda, kuma yaro ne mai ƙwazo. Ya zagaya ƙauyuka a kan mashin, ya koma gonakin da Baba ya taɓa zuwa, ya ƙara sababbi. Ranakun da ruwa ya hana fita kuma ya zauna ya bi tsofaffin fayiloli yana gyara kurakuran rubutu.

Bayan kaka, wata ranar Talata da safe, Dakta Rakiya ta ce a fitar da kundin, ranar Juma'a za a aika. Akwai wata 'yar manhaja da wanda Rilwanu ya gada ya rubuta, wadda ke jera kowane iri, ta cike gurbin "wanda ya tattara" da sunan mai fayil ɗin. Rilwanu ya kunna ta, ya fara sauka da ido. Kabir. Kabir. Kabir. Ya sauka har ya zo kan doyar matar Sale, wadda Baba ya ba shi labarinta ba sau ɗaya ba, yadda ya tsallake rafi da ita ɗaure a ka. Ita ma Kabir.

Ya jingina da kujera. Babu abin da ya ɓaci a na'urar, abin da aka gina ta ta yi shi ta yi. Kwamfuta ba ta san suna ba. Kowane mutum lamba take ba shi, kowane fayil kuma lambar mai shi ce manne a jikinsa. Sunan da ake gani a allo, dubawa take yi ta ga wa ke riƙe da lambar a yau. Ranar da ya sauya suna, lambar Baba ta koma ta Kabir, aikin shekaru ya bi ta. Rilwanu ya san wannan tun yana Durumi. Bai taɓa tsayawa ya yi tunanin abin da yake nufi ga mutum ba.

Ya kira Kabir, suka shiga ofishin Dakta Rakiya tare. Ya yi bayani a hankali, ya nuna musu allon.

"Kai!" in ji Kabir. "Wannan doyar ai lokacin da aka kawo ta ina aji uku a sakandare. Oga Rilwanu, so kake ka haɗa ni faɗa da tsoho?"

"Ba za a iya mayar da sunan ba?" Dakta ta tambaya.

"Za a iya, Madam, layi ɗaya ne. Amma idan na mayar, duk abin da Kabir ya tattara a daminar nan zai koma na Baba. Lamba ɗaya suke ciki."

Kabir ya buɗe baki zai ce ba komai, sai ya fasa, ya dubi takalminsa.

"Kwanan watan da ke kan fayilolin fa?" in ji Dakta.

"Kabir ya buɗe kusan duka ya yi gyara, kwanan ya koma na bana. Kyamarar Baba kuma ba a taɓa saita mata kwana ba. Faifan ajiyarmu guda ɗaya ne, abin da ke nan yau shi ke cikinsa."

Dakta Rakiya ta cire tabarau ta murza ido. Mace ce mai adalci, amma ayyuka sun yi mata yawa, jami'ar kuma ta riga ta ɗaga musu ƙafa sau ɗaya. Ta ce to a share gurbin, a sa sunan ƙungiya a kan komai, babu wanda aka zalunta.

Rilwanu bai saba musu da na gaba da shi ba. Amma ya dafa gefen tebur ya ce, "Madam, ranar bikin a gaban matarsa kika faɗa. Na ji ance har a cocinsu an sanar."

Ta mayar da tabarau. "Zuwa Alhamis da rana," ta ce. "Idan bai yiwu ba, sunan ƙungiya."

Yinin ranar Kabir ya zauna ya ware waɗanda ya tabbata nasa ne. Akasari sun fita, amma aka bar wasu masu yawa da shi kansa ya rasa ganewa, domin ya koma gonaki ɗaya da Baba, ya sami manoma ɗaya, ya rubuta bayani a tsari ɗaya. Ko shi ya fara fayil ɗin ko gyara kawai ya yi, ya kasa rantsewa. Mutum ɗaya ne zai iya raba su, kuma ba ya gani.

Da Rilwanu ya gaya wa Muhibba cewa gobe ƙauye zai tafi ya karanta wa tsoho sunayen doya, sai ta ce, "Aikin injiniyan ke nan yanzu? To ka tafi masa da suga, kada ka je hannu rabbana ka dawo da buhu."

Laraba da safe suka hau mashin ɗin Kabir, kwamfutar hannu a jakar baya. Suka tarar da Baba zaune ƙarƙashin mangwaro kusa da rumbun doyarsa. Tun kafin su gama sallama ya gane murya.

"Mai rake! Na'ura ya kore ka kai ma?"

Bayan gaisuwa da ruwa, Rilwanu ya durƙusa kusa da shi ya faɗa masa abin da ya faru, bai rage komai ba. Baba ya saurara har ƙarshe.

"To yanzu ni ne Kabir?" Ya juya ya ɗaga murya wajen madafa. "Mama, zo ka ga abin alheri, ka samu miji saurayi!"

Matar ta amsa daga ciki da yarensu, abin da ta faɗa ya sa shi dariya har da tari. Amma da dariyar ta lafa, sai ya shiga shafa gwiwa.

"Na faɗa wa jikoki," ya ce a hankali. "Na ce su je jami'a su tambaya."

"Shi ya kawo mu, Baba. Zan karanta maka waɗanda muke shakka, ka ce naka ko na Kabir."

"A'a. Fara daga farko. Tun da ido ya tafi ban ji su ba."

Kabir ya kalli Rilwanu, ya nuna alamar batir da yatsa. Rilwanu ya rage hasken allo har ya kusa dushewa, ya matsa cikin inuwa, ya fara daga layin farko.

Aikin ya tafi a hankali. Rilwanu ya karanta sunan doya, sunan manomi da ƙauye, Baba ya ce "nawa", wani lokaci ya ƙara da labari. Wannan mai shi ya rasu. Wannan ya ƙi ba da iri sai da aka sha burkutu da shi, Baba ya sha, ya hau mashin ya faɗa cikin kwata. Idan aka zo kan na Kabir, sai ya ce, "Ban san shi ba, na yaro ne," wani lokaci ya juya ya tambaye shi yadda ganyen yake, su ɓata lokaci suna gardama. Da azahar ta yi, matar Baba ta fito da wata tabarma da take ajiye wa baƙi Musulmi, da buta, ta nuna musu gabas da hannu ba tare da an tambaye ta ba. Suka yi salla, suka ci sakwara da miyar ɗanyar kuɓewa, suka koma.

Can cikin tsofaffin fayiloli Rilwanu ya karanta wani bayani: farar doya mai laushi, ba ta jure ajiya, ana dafa wa mai jego da tsofaffi marasa haƙori.

Baba ya karkato da kunne.

"Baba? Naka ne?"

"Sake karantawa."

Ya sake.

"Ba nawa ba."

"Wallahi ba nawa ba ne," in ji Kabir. "Ban taɓa zuwa ƙauyen ba."

"Na sani. Na Lucy ne." Baba ya gyara zama. "Ni ƙasa nake rubutawa, ja ko baƙi, tudu ko fadama. Wanda ke rubuta yadda ake dafawa da wanda zai ci, Lucy ne. Yaya sunansa bai fito ba?"

Rilwanu bai taɓa jin sunan ba. Baba ya ce ita ce ta fara aikin tattarawar tun ƙungiyar tana ɗaki ɗaya, kafin zuwan Dakta Rakiya. Shi a lokacin mai kai ta ƙauyuka ne a kan mashin, yana yi mata tafinta inda yaren ya bambanta. A wajenta ya koyi riƙe kyamara. Ta yi shekara uku tana aikin, ciwo ya kwantar da ita, ba ta tashi ba. Bayan an binne ta aka ce ya karɓi aikin.

"Mai na'ura na lokacin ya ce in shiga da sunana, komai yana nan. Na shiga, na ga komai yana nan." Ya juyo da fuskarsa wajen Rilwanu, idanunsa suna kallon gefe kaɗan. "Duk shekarun nan, aikinsa sunana ne a kai?"

"Eh, Baba."

"Da kun aika littafin daidai yadda Madam ya yi alkawari, da sunana ne zai hau?"

"Eh."

Tsohon ya girgiza kai. Wata kaza ta zo tana tsattsagar ɓawon doya kusa da ƙafarsa, bai kore ta ba.

"Koma baya," ya ce. "Akwai waɗanda na ce nawa da sauri. Karanta mini bayanin duka, ba suna kawai ba."

Suka koma. Wasu da ya karɓa da safe ya mayar da su, har da wata jar doya da ya daɗe yana alfahari da ita, wadda ya ce shi ya ɗauko ta daga gona amma Lucy ce ta nemo ta. Batir ya mutu ana saura kaɗan. Kabir ya buɗe kwafin da ke wayarsa ya ci gaba da karantawa, Rilwanu yana rubuta amsa a bayan wata takarda. La'asar sakaliya suka tashi, da buhun doya ɗaure a bayan mashin duk da sugan da aka kai.

A hanya hankalin Rilwanu ya koma ofis. Yana tunanin 'yan matan nan biyu masu buga takardu da ya taɓa sauya wa suna da hannunsa. Wasiƙun ofis suka buga, babu kundin da zai nemi sunansu, amma duk da haka ya ƙudurta zai duba.

Alhamis da safe ya shiga ɗakinsa ya ce wa Kabir ya fita daga akawun, domin na'urar ba ta yarda a sauya sunan wanda ke ciki. Ya mayar da lambar ga sunan yamusa, ya kulle akawun ɗin yadda babu mai shiga amma sunan yana nan. Ya buɗe wa Kabir sabo da tasa lambar, ya saka shi a rukunin da zai iya karanta na Baba ba tare da ya mallake su ba, ya miƙa masa fayilolinsa ɗaya bayan ɗaya yana duba takardar jiya. Dakta Rakiya ta shigo ta tsaya a bayansa, ya ba ta labarin Lucy. Ta ce ta taɓa ganin sunan a wani tsohon rahoto, ta ɗauka wata baƙuwa ce mai bincike. Ta ce daga yau babu gadon akawun, kowa da nasa, sannan ta tambaya ko za a gama kafin azahar. Ya ce in sha Allahu.

Saura abu ɗaya. Ya buɗe akawun ga matar da ba za ta taɓa shiga ba, ya kulle shi, ya mayar mata da nata. Amma kundin cikakken suna yake ɗauka, gurbin kuma babu komai. Ya duba tsohon rahoton da Dakta ta ambata, Lucy kawai aka rubuta. Ya ɗauki waya.

"Baba, Lucy wa? Sunan mahaifinta nake nema."

Ya ji Baba yana tambayar matarsa da yarensu, ta amsa, suka ɗan yi gardama.

"Mun manta, ɗana. Mama ya ce wani suna, ni na ce ba shi ba. Lucy na Kilankwa muke ce masa. Kowa a ƙauyuka haka ya san shi."

"In rubuta haka?"

"Rubuta. Idan danginsa sun gani za su gane. Ran Lahadi zan aika a tambayo sunan uban, sai ka ƙara."

"Naka kuma ya dawo, Baba. Yana kan kowace doya da ka kawo."

"Banda jan nan."

"Banda ita."

"Madalla," in ji tsohon, ya kashe wayar.

Rilwanu ya rubuta Lucy ta Kilankwa a gurbin, ya karanta, ya danna. Ya sake kunna manhajar, ya kira Kabir ya zo su bi kundin tare tun daga layin farko kafin a kai wa Madam.